Abu na huɗu da likita ya faɗa

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko Inna ba. "Yaron nan" suke cewa, ko "wancan". In ya yi abin kirki, Inna ta kawar da kai kamar ba ta gani ba. In ya faɗi ya fasa gwiwa, ba ita ke ɗaga shi ba. Gwaggo, yayar Baba, ita ta yaye shi, ita ta rene shi, ita ce ke ƙwala masa kira daga gindin rumbu a ji har gonar bayan gida. Baba ya zama Kirista tun yana saurayi, kuma an bar abubuwa da yawa na gargajiya a gidanmu, amma kunyar ɗan fari ba a bar ta ba. Na fara da wannan ne saboda wanda bai san shi ba zai yi mamakin yadda aka yi yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta tsaya gaban likita a madadin uba.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Dayi. Yaya bai yi boko ba, shanun huɗa aka ba shi tun yana ƙarami, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Ni ce aka sa makarantar mishan har na gama aji bakwai. Shi ya laƙaba mini suna Malama, don tsokana. In na ɗauki fartanya sai ya ce, "Malama, ajiye, kar ki ɓata hannun alli."

Shekara uku bayan an bar fam an koma naira, da kaka, ana ɗibar auduga, wani kumburi ya fito masa a wuya kamar ƙwan zabuwa. Ba ya ciwo. Aka ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba, sai wata ta fito a hammata. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, ya rame har wandonsa ya daina tsayawa. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu. Daga ƙarshe malamin asibitin mishan ya taɓa wuyan, ya rubuta takarda ya ce a kai shi babban asibiti a birni, kada a jira a gama kaka.

Baba bai ce zai je ba, ba wanda kuma ya zaci zai je. Ya ce wa Gwaggo, "Sai ki kai shi. Ki tafi da 'yar bokon nan ta ji muku Turanci."

Muka hau motar auduga zuwa Funtuwa, daga can muka shiga bas. A asibiti suka yanki ɗan wuri a wuyansa suka ce mu jira. Muka yi mako biyu, ni da Gwaggo muna kwana a baranda tare da sauran masu jinya, kafin aka kira mu.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, dogo, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Nas ɗin da ke yi masa tafinta an kira ta wani ɗaki. Ya tambayi ina uban yaron, na ce yana gona. Ya dube ni, ya tambaye ni ko ina jin Turanci sosai. Na ce ina ji. Ban manta yadda na ji daɗin faɗin haka ba.

Ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda ake samun sa'arsa. Akwai magani mai ƙarfi da za a riƙa ɗura masa ta jijiya wata shida. Sai ya ɗaga yatsu huɗu, ya riƙa lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, zai yi ta amai. Na biyu, gashinsa zai zube, amma zai sake fitowa. Na uku, ko ya ji ya warke kada ya fasa zuwa ko sau ɗaya. Da ya zo kan na huɗu sai ya sassauta murya. Ya ce maganin da ke kashe ciwon yakan kashe haihuwa a jikin saurayi. Zai zama namiji kamar kowa, zai iya aure, amma da wuya ya samu ɗa. Ya ce ba su da hanyar kauce wa wannan, in ba a yi maganin ba kuma zai mutu. Ya ce in faɗa masa, in faɗa wa ubanmu, kuma a sani kafin a yi masa aure. Ya maimaita, ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane.

Yaya yana zaune bakin gado yana kallon bakinmu. Ya ce, "Malama, fassara mana. Na ga yatsu huɗu."

Na faɗi na farko, na faɗi na biyu. Ya shafa kai ya ce, "To, wanzami ya huta." Na faɗi na uku.

"Na huɗun fa?"

Na ce, "Ya ce ka riƙa cin abinci sosai."

Gwaggo ta ce, "Wannan kuma ai ba sai an zo birni ba."

Na yi shekaru ina komawa wannan ɗakin a zuciyata. Ban shirya ƙarya ba. Na buɗe baki ne na rasa kalmar da zan sa. Kalmomin da na sani na wannan magana, ko dai na zagi ne, ko irin waɗanda tsofaffi ke yi in sun kori yara. Ta yaya budurwa za ta dubi yayanta, a gaban Gwaggo, ta yi maganar abin da ke jikinsa? Na ce a raina zan faɗa wa Gwaggo in mun keɓe. A baranda mutane ne ko'ina. A bas ma haka. Na ce to, sai mun je gida, in faɗa wa Inna.

Na gwada. Na same ta tana tankaɗe, na ce, "Inna, likita ya ce Yaya..." Ta miƙe tun ban ƙarasa ba, ta ɗauki ƙwarya, ta ce, "Ki faɗa wa uwarsa." Gwaggo take nufi. Baba kuwa yana tufka igiya a zaure na zo wucewa, bai ɗago kai ba ya ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Sun ce zai warke."

Ya ce, "To, madalla." Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Ya sha wuya a wata shidan nan. Yakan yi amai har ya rasa abin fitarwa, warin mai kawai yakan tayar masa da zuciya, kansa ya koma kamar ƙoƙo. Amma kumburin ya baje. Damina ta biyu yana bayan shanunsa, gashi ya fito, har ya fi na da laushi. Aka yi godiya a majami'a, Gwaggo ta kai buhun dawa. Ni kuma na samu abin da na jingina da shi: likita cewa ya yi da wuya, bai ce ba zai yiwu ba. Allahn da ya tashe shi daga wannan ciwo ba zai gaza ba shi ɗa ba. Kullum na tuna, sai in faɗa wa kaina haka, maganar kuma tana ƙara nauyi. A wata na farko kunya ce ta hana ni. Bayan shekara, sai an tambaye ni me ya sa na yi shiru tun farko.

Shekara uku da warkewarsa aka yi masa aure. Yarinyar 'yar wajen Mahuta ce, shekararta goma sha takwas kamar ni, mai wushirya, mai saurin dariya. Ina cikin waɗanda suka ɗauko ta. A motar tana lulluɓe ta mintsine ni ta ce, "Ke ce Malamar? An ce ke ke mulkin gidan." Na ce, "Za ki gani." Tun daga ranar muka shaƙu. A wajenmu ana ce wa mace Amarya har ta haihu, sannan a koma kiranta Maman wane. Ita shekara tara ana ce mata Amarya.

Shekarar farko ba wanda ya ce komai. Ta biyu, mata suka fara kallon cikinta in ta tashi ba da baiko a majami'a. Ta uku aka fara magana. Kunyar da ta hana Inna maganar ɗanta ba ta hana ta maganar matar ɗan ba. Ba ta taɓa faɗa mata gaba da gaba ba. Sai dai tana ba awaki dusa ta ce, yadda za a ji daga madafi, "Wannan bara aka sayo ta, ga shi har ta ba mu biyu." Amarya ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Gwaggo ta fara kawo saiwoyi. Aka jiƙa, aka dafa, aka yi turare, aka hana ta cin wannan da wancan. Aka ce akwai wata tsohuwa a Dayi da jiƙonta ba ya faɗuwa, ni aka sa na raka ta. Ta shanye ƙoƙo guda na wani baƙin ruwa, ba mu yi nisa ba ya fara aiki. Ta durƙusa bayan wata gonar dawa tana amai, ina riƙe da zanenta, ina tare mata hanya. Da ta samu numfashi ta goge baki ta ce, "Malama, in na haifi mace sunanki zan sa mata, ko ta gaji baƙin halinki." Na yi dariya. Ina so a san cewa na yi dariya.

A shekara ta huɗu na raka ta asibitin mishan. Nas ta duba ta sosai, ta ce ita ba ta ga wani abu ba, sai dai ta je ta zo da mijinta. A hanyar dawowa muka zauna gindin ɗorawa muna jiran mota. Ta ce, "Wai in kawo shi. Ni zan ce wa mijina ya zo a duba shi? Mutumin da yake haƙuri da ni? Ki rufa mini asiri, Malama, kar ki ce wa kowa an faɗi haka."

Ba kowa a wurin sai mu biyu. Ba Gwaggo, ba Baba, ba namiji. A lokacin na yi aure, na haihu, na san kalmomin duka. Na ce mata, "Ba zan faɗa ba." Mota ta zo muka shiga.

Yaya bai taɓa wulaƙanta ta ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Baffanninmu da ba su shiga ikilisiya ba suka yi ta zuga shi ya nemi wata, ko a ɓoye. Ya ƙi. Da maganar ta kai gaban dattawan majami'a, ya tashi ya ce shi ya yi alkawari gaban Allah, matarsa ce har mutuwa, in Allah bai ba ta haihuwa ba shi ya yafe. Aka yi ta yaba masa. Fasto ya yi misali da shi a wa'azi. Amarya ta zo gidana a Malumfashi tana kuka tana cewa ba macen da ta yi dacen miji irinta. Daga nan ta ɗora wa kanta aikin mutum biyu. Ita ce kai taki gona, ita ce farkon shiga auduga, ita ce ƙarshen fita. Tana biyan laifin da ba nata ba, shi kuma yana yafe shi da zuciya ɗaya.

Da na yaye 'yata ta biyu, na goya ta na kai wa Amarya. Na ce ta riƙe, tata ce. Ta rungume yarinyar. Matan zumuntar majami'a suka ce ba a taɓa ganin ƙanwar miji mai tausayi irina ba. Na karɓi yabon. Na ma ji sauƙi na ɗan lokaci.

A shekara ta tara da aurensu ciwon ya dawo, wannan karon a ƙirji. Bai ɗauki lokaci ba. Aka kai shi birni aka dawo da shi. Wata rana da hantsi an shimfiɗa masa tabarma gindin bishiyar bedi, Amarya ta tafi ɗebo ruwa, ya yafito ni. Ya ce, "Malama, ki riƙe mini ita. Mace ba ɗa, in miji ya tafi, kin san yadda ake yi. Kar a kore ta." Ya huta, ya ce, "Na so in bar baya. Amma ban riƙe ta a zuci ba, Allah ya sani."

Na dubi fuskarsa, ta koma yadda take a ɗakin likita. Na ce a raina, me zai amfana masa yanzu? Na gyara masa matashi. Bayan kwana biyar ya rasu. Baba ya tsaya nesa da kabari, washegari ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Inna ta yi kukanta bayan rumbu, inda take zaton ba a ji.

Amarya ta zauna a gidan. Bayan shekara guda wani tela daga Funtuwa, wanda matarsa ta rasu ba su samu ɗa ba, ya gan ta a wani taron majami'a ya aiko. Danginsa suka bincika, aka ce musu juya ce, suka yi ta hana shi. Shi ya nace. Na zo gida ranar wata Asabar na same ta tana ɓare gyaɗa, na zauna ina taya ta. Na tambaye ta me za ta ce masa.

Ta ce, "Zan ce ya yi haƙuri. Mutumin kirki ne, yana son 'ya'ya. Na cuci ɗaya, ya isa."

Na ajiye gyaɗar. Na ce, "Amarya, ba ki cuci kowa ba." Sai na faɗa mata. Na faɗi ɗakin, da likitan, da yatsun nan huɗu. Maganar da ta gagare ni shekara goma sha uku ba ta kai tsawon shan ruwa ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaushe likitan ya faɗa?"

"Kafin a fara maganin."

"Kafin a zo neman aurena ke nan."

"I."

"Ranar Dayi kin sani."

"Na sani."

"Ranar da muka zauna gindin ɗorawa."

"Na sani."

"Shi fa?"

"Bai sani ba. Ba wanda ya sani sai ni."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Ina jin ƙarar ɓawon ɗaya bayan ɗaya, har kwanon ya ƙare. Sannan ta ce, kamar da kanta take, "Ya mutu yana yafe mini."

Na ce, "Yarinya ce ni. Kunya ce ta..."

Ta ce, "Kunyar yini ɗaya kika guje wa, Malama. Ni na yi shekara tara ina cin abinci da ita." Ta tashi, ta kaɗe zanenta, ta ɗauki kwanon ta shiga ɗaki.

Bayan kwana biyu ta zo Malumfashi da yarinyar. Ta yi mata sabon kitso, ta ɗaure kayanta a ɗankwali, har da ɗan ƙoƙon da take shan fura da shi. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ga 'yarki. Na gode da aro." Yarinyar tana shekara shida. Ta yi watanni tana zama a bakin ƙofa tana jiran Mamanta, ni kuma tana ce mini Gwaggo. Har ta girma ba ta saki jiki da ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Amarya ta auri telan. Ba ta faɗa wa kowa abin da na gaya mata ba, ba ta kuma buƙaci faɗa ba. Kafin shekara ta zagayo ta haifi ɗa namiji. Labari ya iso ƙauyenmu, kowa ya yi lissafinsa a zuci. Matan da suka yi ta kallon cikinta suka koma magana ƙasa-ƙasa game da mamaci. Gwaggo ta riga ta rasu. Baba bai tambaye ni komai ba har ya bar duniya. Inna ce wata rana, tana zaune ba ta kallona, ta ce, "Ranar nan da kika ce likita ya ce. Me ya ce?" Na faɗa mata. Sannan ta kira sunan Yaya, sau ɗaya, a hankali, kamar tana gwada ko bakinta zai iya. Ta tashi ta tafi wajen awaki.

Yanzu ina ji a rediyo cewa a wasu asibitoci ana iya ɗibar abin haihuwar saurayi a adana kafin a fara irin wannan magani. A zamaninmu babu wannan. Maganin ya ba Yaya shekara goma sha biyu, ba na ƙin sa. Da an faɗa masa ma zai sha, da Baba ya sani ma zai ce a yi. Ba abin da za a iya cetowa sai sanin, shi ne kuma aka damƙa a hannuna. Wani lokaci nakan ji haushin likitan da ya ɗora wa yarinya wannan kaya, nakan ji haushin Baba da igiyarsa, da Inna da ƙwaryarta. Amma ba su ne suka zauna gindin ɗorawa ba.

Sau ɗaya na sake ganin Amarya, a kasuwar Funtuwa, wajen masu hatsi. Wata ta kira Maman wane, sai na ga ta waiwaya. Tana da goyo, wani na riƙe da zanenta. Na matsa na gaishe ta, na rasa da wane suna zan kira ta. Ta amsa yadda ya kamata, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi yarinyar, ta sake tambayar yarinyar. Na ce, "Ki yafe mini." Ta gyara goyonta ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na tsaya ko za ta ƙara wani abu. Mai awo ya miƙo mata dawarta, ta ɗora a ka ta tafi.

Bara ta rasu. 'Yata ce ta je jana'iza, ta zauna cikin 'ya'yanta biyar a matsayin babbarsu. Ni ba a aiko mini ba.